Wasan da Aka Bari a Ɗakin Kaka

Ana gab da magariba, kaji sun fara hawa bango, Mushe Mas'udu, malamin makaranta, ya gama sauke kwalaye daga amalanke. Allunan eshek ne, darar nan mai sarki da dawaki, ya sayo su daga Maradi don lakwal ɗinsu, makarantar boko ta Mayahi, da kulob-kulob na ƙauyuka. Gara ta cinye na bara a ma'ajin lakwal, shi ya sa ya rantse na bana a gidansa za su zauna. Ya buɗe ɗakin kakarsa na ƙuryar gida, wanda ba a taka ba tun rasuwarta, ya shiga ko sallama babu.

Yana buɗe kowane kwali ya ga ko 'ya'yan sun cika. Na ƙarshe ya jera shi a ƙasa, hannu ya saba, ya tura farin soja gaba. Sai ladan ya ɗaga murya, ya ja ƙofa ya fita. Haba Mushe! Ko yaron goye a garin nan ya san wanda ya shimfiɗa dara ya fara wasa ya tashi, ya kira wa kansa abokin karawa daga cikin aljanu. Shi da ya yi boko, wai mantawa ya yi.

Kafin a idar da salla, tsakuwa ta fara sauka kan kwano. Gidan ya yi tsit, awaki suka manne da juna. Daga ɗakin da babu kowa aka ji ƙwas, ƙarar itace a kan itace.

Washegari aka tarar baƙin soja ya matso. Mas'udu ya ja da baya. Amma ɗiyarsa Nasiba, wadda duk kulob ɗin babu mai ja da ita, ta leƙa ta taɓe baki, ta mai da martani da doki. Haka aka yi ta yi a ɓoye: ita da hantsi, aljanin da magariba. Jifa na ƙaruwa kamar yadda baƙaƙen 'ya'ya ke raguwa. Ranar da ta cinye masa sarauniya, da faɗuwar rana ta yanke jiki ta faɗi bakin murhu, ta tashi da muryar tsoho.

Washegari aka ɗauko Malam Jaji daga Korgom a bayan moto, dattijo mai ruƙiyya wanda ba ya ɗaga murya. Ya zauna a tabarma, ya dafa kan yarinyar, ya yi ta karatu har duhu ya fara cin bangon gida. Can ta buɗe ido, idon ba nata ba.

"Wane ne kai?" in ji Malam.

"Mai ɗakin. Ni aka kira, na zo."

"Mi kake so ka sake ta?"

"A ƙone allunan duka. Kuma kar ta ƙara taɓa wasan har ta mutu. In ba haka ba, da ita zan tahi."

Mas'udu ya miƙe, ya nufi kicin neman ashana. Matarsa Shatu ta tare ƙofa. Tsoro ya cika ta, hawaye har haɓa, amma ba ta kauce ba.

"Mushe, wallahi ba ka ƙona su. Yaran mutane na jiransu." Ta juya ga ɗiyarta, ta nuna ta da yatsa. "Kai kuma, tsohon banza, in ka iya wasan ka ci ta mana! An cinye ka, shi ne za ka watsa dara? Ko a gindin bishiyar kasuwa mai yin haka dariya ake yi mishi."

Tsakuwa ta zubo kamar ƙanƙara, sannan ta tsaya. Malam Jaji ya ci gaba da karatu, muryar ta fara kuka tana cewa ya ƙona ta. Ta nemi rago, Malam ya ce babu. Ta nemi a bar mata ɗakin, Shatu ta ce ɗakin na alluna ne yanzu.

Sai muryar ta dawo ƙasa-ƙasa, kunya ta kama ta.

"To a tashi canjaras. Kar a ce ɗiyar mutum ta ci ni. Ina da jikoki."

"Mun yarda! Mun yarda!" Mas'udu ya faɗa tun Malam bai buɗe baki ba.

Malam ya sa aljanin ya yi rantsuwa ba zai dawo ba. Nasiba ta miƙe ƙafafu, ta yi atishawa mai ƙarfi, jikinta ya saki. Iska ta kaɗa ƙofar ɗakin kaka ta wuce.

Shatu ta rungume ta tana hamdala, ta ba ta ruwa, ta gaya mata yadda aka rabu. Yarinyar ta ajiye kofin, ta dubi ubanta ido cikin ido, murya a dishe.

"Baba, wa ya ce ka karɓar mini canjaras? Motsi ɗaya ya rage in kashe sarkinshi."