Jelar Aro

Yara, ku matso ku ji abin da 'yata ta yi mini. Ni da duk unguwar Bin Omran, a nan Qatar, aka san ni da iya ado!

Kafil ɗina, wato mutumin da nake tuƙa wa mota, ya ba mu kyanwa. Fara ce tas, da ɗigon baƙi a ka. Amma jelarta guntuwa ce, a dunƙule kamar ta zomo.

Ya ce, "Amana ce. In ta wahala, zan karɓe abata."

'Yata ta yi ta tsalle. Sai ga Hanif, ɗan maƙwabcinmu, ya leƙo.

"Wannan ce kyanwar? Ƙofa ce ta datse mata jela?"

Kunya ta kama 'yata.

To, ina da igal, baƙar igiyar da mutanen Qatar ke ɗorawa a kan mayafin kai. Tawa tana da dogon tuntu har gadon baya. In na sa ta ranar Juma'a, madubi kansa sai ya gaishe ni.

'Yata ta ɗauki almakashi ta yanke tuntun. Ta ɗaura wa kyanwa shi a jela da roba, tam!

Kafin la'asar kyanwa ta ƙi abinci. Ta shige ƙarƙashin gado tana kuka. Matata Hadijatu ta jawo ta, sai ga jela ta kumbura.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ce, Mama. So nake ta zama kamar sauran kyanwoyi. Baba, za a karɓe ta?"

Na dubi tuntuna, na dubi hawayenta. Na ce, "Yalla, maza ɗauko ta mu je wurin likita."

Likitar dabbobi ta yanke robar, ta shafa magani.

Ta ce, "'Yata, da kin ƙara daɗewa da jelar ta lalace. Irin wannan kyanwa haka ake haifarta. Dubi kunnuwanta a tsaye. Dubi ƙafafun baya, sun fi na gaba tsawo. Masu kiwonta jelar suke fara dubawa. Gajartar ita ce adonta."

'Yata ta sunkuyar da kai. "Baba, ka yafe mini."

Da kanta ta faɗa wa kafil gaskiya. Ya shafa kyanwar, ya ce, "Khalas, shi ke nan, ki riƙe ta."

Kyanwa ta warke. Da Hanif ya sake zuwa, 'yata ta ce, "Haka Allah ya yi ta, kuma ta fi ka kyau!"

Kun ji, yara. Kada dariyar wani ta sa ku raina abin da Allah ya ba ku. Kuma kafin ku taɓa kayan manya, ku tambaya.

Ni kuwa, ranar Juma'a na ɗora guntuwar igal ɗina. Hadijatu ta bi ni da kallo.

"Malam, yanzu masu guntun jela biyu ne a gidan nan."

Na gyara tsayuwa. "Ba ki ji likita ba? Gajartar ita ce adon."