Sanyin Kan Allo

Da hantsi aka kira Sufeto daga asibiti. Wani lebura na kamfanin siminti ya cika, abokan aikinsa kuma suna kwance ana ƙara musu ruwa. Dukkansu kifi suka ci jiya da rana a ɗakin cin abincin ma'aikata. Kafin Sufeto ya koma ofis, tuni Saje ya kamo mai girkin ya sa ta bayan kanta, don leburori sun taru a ƙofar kicin suna cewa guba ta zuba.

Tsohuwa ce, kowa Goggo yake ce mata. Kuka ma ya ƙi zo mata. Ta ce mamacin ita ke ƙara masa miya a ɓoye, to a kan me za ta kashe shi? Ta ce kwalayen kifin sun iso gindinsu a jiƙe, kuma ta yi magana.

"Wa kika yi wa magana?" in ji Sufeto.

"Mai sito, ɗana. Ya ɗora wayarsa a kan kwali, ta nuna kore, ya ce kore ba ya ƙarya."

"Sai kika dafa."

Ta sunkuyar da kai. "Sai na dafa."

Sufeto ya san idan bai samo bakin zaren ba, wannan baiwar Allah a kurkuku za ta ƙare kwanakinta.

Mai sito ya yi masa bayani. Tun da kamfanin da ke kawo musu daskararren kifi ya sauya tsari, an daina takarda. Kowace mota tana ɗauke da wata 'yar na'ura kamar akwatin ashana, tana auna sanyi tana aikawa kai tsaye zuwa kwamfutar kamfanin da ta masu saye. Da zafi ya hau, za ta nuna ja, a ƙi karɓar kayan. Ya nuna masa awon motar jiya: layi miƙe sambal, kamar an ja da rula.

Wannan miƙewar ce ta tsaya wa Sufeto a rai. Motar da ke tsayawa kanti-kanti ana buɗe ta ana rufewa, a ce sanyinta bai ko motsa ba? Ai ko mai barci numfashinsa yana hawa yana sauka.

A harabar kamfanin kifin suka tarar da direban yana wanke motar kamar zai saɓule mata fenti. Ya rantse firjinta ƙalau yake. Sufeto ya hau ciki, warin maganin wanki ya daki hancinsa, amma bai ɓoye ƙarnin da ke ƙasa ba. A jikin bango ya ga ramukan ƙusa biyu da wani ɗan gurbi da ya fi ko'ina haske.

"Ina abin da ke nan?"

"An kai caji, ranka ya daɗe."

"Wa ya kai?"

Idon direban ya kai ga wata taga a bene. Sufeto ya ce wa Saje ya bar ƙofofin motar a wangale cikin rana, kuma kada ya bar direban ya je ko bayi.

A benen, Manajan kamfanin ya tarbe shi da fara'a da ta'aziyya. Mutum ne mai iya baki. Ya ce direban ƙanin matarsa ne, yaro mai amana. Ya ce tsarinsu ba ya barin kuskure, a dai binciki tsabtar tsohuwar nan, mutanen zamanin da suna da taurin kai.

"Na'urar tana jikin motar yanzu?" in ji Sufeto.

"Kullum. Ba a cire ta."

"To nuna min sanyinta na yanzu."

Manaja ya juyo da kwamfutar. Kore, layi miƙe, sanyin ƙanƙara. Sufeto ya leƙa ta taga. Ga motar can baki buɗe rana na gasa ta, Saje yana fifita da hularsa.

Sufeto ya baro tagar. Ya zauna, ya share gumi, ya nemi ruwan sanyi. Manaja ya tashi da rawar jiki ya buɗe ƙaramin firjin da ke gefen teburinsa. Idon Sufeto na kan allo. Layin da ya wuni bai motsa ba ya ɗan ɗaga kai.

"Bar shi a buɗe."

Hannun Manaja ya tsaya a kan murfin. Sufeto ya matso, ya ture gorunan ruwa. Can ciki, a wurin ƙanƙara, ga 'yar na'urar tana ƙifta ido.

Manaja ya zube a kujera. Ya ce firjin motar ya daɗe yana ɗaukewa a hanya, kuma sabon tsarin ba ya jin lallashi: ja ɗaya ya isa masu saye su watse. A da yakan kira waya ya ba da haƙuri, yanzu babu wanda zai kira. Shi ya cire na'urar da hannunsa, ya ce wa ƙanin matarsa ya ja bakinsa ya yi shiru.

"Kafin a gyara ne kawai," in ji shi. "Wallahi ban yi zaton za a mutu ba."

"Ka san za a ci," in ji Sufeto.

Ya ajiye na'urar a kan tebur, ya kira ofis ya ce a fito da Goggo, a ba ta kujera, a samo mai raka ta gida. Saje ya hawo da ankwa.

Suna kaiwa bakin ƙofa kwamfutar ta fara ƙara. Allon ya koma ja, saƙo yana tafiya kowane kanti cewa kada a karɓi kayan motar nan. Manaja ya waiwaya ya dubi allon. Saje ya taɓa kafaɗarsa, suka sauka.