Sha Takwas Cikin Ashirin

"Zaharaddin! Wasiƙata ka raba wa 'yan ajinka?!"

Ya ɗago daga kan takardun da yake dubawa, jan biro a hannu, har da wani murmushi.

"Karimata, sannu da zuwa..."

"Kar ka ƙara ce min taka!"

Ko kallon sauran malaman ofis ɗin ban yi ba. Tun daga unguwarmu ta Djamboutou, nan cikin Garwa, nake tafasa a kan mashin. Ni da na yi karatuna da Faransanci, kwana uku na yi ina fama da ƙamus, na haɗa masa wasiƙa da Ingilishi don in burge malamin Ingilishi. A ciki na faɗa masa jami'ar Ngawundere ta ɗauke ni, amma in ya ce in zauna, zan haƙura da karatun mu yi aure.

Sati guda shiru. Jibi kuma za a rufe rajista.

Sai yau Ilham, sakatariyar makarantar, wadda ta daɗe tana ɓata hodarta a kansa, ta tare ni a bakin famfo. Ita ya ba wa ta buga kwafi sittin. Gaban matan unguwa ta dinga karantawa tana fassara musu, suna shewa. Kafin azahar magana ta kai wa Baba a kasuwar shanu, Baban da na sha kuka kafin ya yarda da wannan mutumin!

"Ai na goge sunanki," Zaharaddin ya ce a hankali. "Darasi kawai muka yi, su ja layi a ƙarƙashin suna, su zagaye aikatau, su fitar da sifa..."

"Zuciyata ce abin ja wa layi?!"

"Don Allah, saurare ni. Wallahi alfahari nake da ke, ban taɓa samun rubutu mai daɗin koyarwa kamarsa ba."

Hawaye suka zubo min, na share da haushi.

"To, tambaya ɗaya. Me na roƙe ka a layin ƙarshe?"

Ya ɗaga kai sama yana tunani.

"Layin ƙarshe... akwai ɗan kuskure a wurin. Amma kin yi ƙoƙari, ma chérie, dix-huit sur vingt na ba ki."

Sha takwas cikin ashirin! Ashe sati guda yana juya takardar, bai karanta ta ko sau ɗaya ba.

Na zare zoben baikonsa daga yatsana na ajiye masa a kan tebur.

Washegari da safe na shiga motar Ngawundere, sai ga shi a guje, yana haki, yana buga gilashi.

"Na karanta, Karimatu! Na karanta! Ki zauna, don Allah ki zauna!"

Ina sonsa, wallahi har yanzu, kuma shi ya fi ƙona min rai. Na zuge gilashin kaɗan.

"Duk Garwa ta riga ka karantawa, Malam."

Direba ya tada mota, ban waiwaya ba.