Akuyar Rahila a Turke

A wani zamani, a wani ƙauye, an yi wata tsohuwa Rahila mai akuya ɗaya tak. Da aka yi ruwan shuka, mai shela ya zaga: "Mai gari ya ce kowa ya ɗaure dabbarsa sai bayan girbi!"

Rahila ta ɗaure akuyarta a turke. Kullum takan yiwo mata ciyawa, ga ciwon gwiwa, ciyawar kuma ba ta isa. Akuya ta rame.

Maƙwabciyarta Kande ta leƙo ta katanga. "Iya, kwance ta mana! Nawa tun jiya suna waje. Mai garin yana ganinki ne?"

"Wanda ya ɗora shi yana ganina," in ji Rahila. "Littafi Mai Tsarki ya ce a bi hukuma. An ce a ɗaure, na ɗaure."

Akuya ta ƙara ramewa, Kande ta ƙara leƙowa.

"An ce a ɗaure, na ɗaure."

Rannan awakin Kande suka faɗa gonar wani, suka ci tsiron dawa, cikinsu ya kumbura, suka mutu.

Bayan girbi akuyar Rahila ta haifi biyu. Ta kai wa Kande ɗaya, haɗe da igiya.