Muryar Da Ta Sa Yaya Dariya

Tun da safe Auta take goge kujerun falo tana sauya labule, domin ranar ce saurayinta zai zo gaida Abba. Kowa Murya yake kiransa, saboda sana'arsa fassara finafinan waje ce, a wani ɗan sutudiyo bayan shagon gyaran waya.

Ta dalilin yayanta ta san shi. Tun da janareta ya fashe a wurin aikin walda, wuta ta ci wa Yaya rabin fuska da ƙirji, ya kulle kansa a ɗaki, har madubi ya sa aka cire. Masu dubiya su yi ta jera masa sannu, shi kuwa ya juya musu baya. Wata rana abokinsa ya turo masa wani fim na manya, labarin jarumi mai rufe fuska wanda bakinsa ya fi makaminsa kaifi. Ba ya ganin girman kowa. Ya zagi mugu, ya zolayi sauran jarumai masu ɗaga kafaɗa, a karya masa ƙafa ya ce daman ya gaji da tafiya. Auta tana wanke-wanke ta jiyo Yaya yana dariya har da tari. Da ta leƙa, ya ce mata wannan ne kaɗai ya nuna masa ana iya yi wa ciwo dariya.

Ta nemi wanda ya ɗora muryar don ta yi masa godiya, sai ta tarar da siririn saurayi mai kunya, ko idonta ba ya iya kallo. Daga nan soyayya ta ƙullu.

Ranar gaisuwar, Murya ya shigo, ya durƙusa ya gaida Abba. Gwaggo, ƙanwar Abba, tana gefe, sai ta ɗago kai.

"Tsaya, na san muryar nan. Ba kai ne mai ashar ɗin da na ƙwace wayar ɗana a kansa ba?"

Ta ciro wayar ta kunna. Maganganun da suka sa Yaya dariya a ɗaki suka cika falon, gaban Abba, babu mai ko murmushi. Murya ya ce fim ɗin na manya ne, kuma aiki aka ba shi. Abba bai ɗaga murya ba.

"Bakin da ya faɗi wannan ba zai kira sunan 'yata ba. Tashi ka tafi."

Auta ta yi kuka har idanunta suka kumbura. Yaya ya fito daga ɗaki ya roƙi Abba, Abba ya ce ciwo ne yake sa shi magana. Ƙawayenta suka ce ta ci gaba da waya da shi a ɓoye, ta ƙi. Ta kira Murya ta ce ba za ta ha'inci mahaifinta ba, kada ya sake nemanta. Ta ji yana kuka, ta kashe wayar. Ta rame, ta daina kwalliya, amma ba ta taɓa ɗaure wa Abba fuska ba. Daga baya ta ji Murya ya daina karɓar irin waɗannan finafinai.

Ciwon ƙirjin Yaya ya tashi, aka kwantar da shi a asibiti. Da likita ya ce sai addu'a, Abba ya tambayi ɗansa abin da yake so. Yaya ya ce a kira masa Murya. Abba ya tashi, da ƙafarsa ya je sutudiyon.

Murya ya zauna a bakin gado, ya sauya murya zuwa ta jarumin, ya shiga tsokanar robar ƙarin ruwa, da abincin asibiti, da Yaya kansa, ba ashar ko ɗaya. Yaya ya yi dariya yana riƙe ƙirji. Abba ya juya fuska ga taga, kafaɗunsa suna rawa. Kullum Murya sai ya dawo, shi yake juya Yaya, shi yake goge masa baki, har ranar da Yaya ya cika.

Bayan watanni Abba ya kira Auta ya ce, "Har gobe ban yarda da kalaman nan ba. Amma na yi gaggawa a kan yaron. Allah ya yi miki albarka da kika yi haƙuri."

An yi auren, Auta ta shiga gidanta tana kukan Yaya. Ta gane harshe yakan jawo wa mai shi asara ko da wasa yake yi, kuma ba a sanin mutum sai an zauna da shi a ranar wuya.