Shanu Nawa Gare Ka, Yero?

“Ki zaɓa yau, Hamsatu! Wallahi na gaji da wanke ki wurin Goggo...”

Hamsatu ta ɗago ido ta dubi Yero, wanda aka sa musu rana bayan Babbar Sallah. Suna tsaye bayan rumfar masu nono a kasuwar Lolo. Ita ma ta gaji, irin gajiyar da ko kuka ba ta barin mutum ya yi.

Aiki biyu ta samu bayan ta gama karatun kwamfuta a Birnin Kebbi. Ɗaya haɗa manhajar waya ne, tana ɗaki ba ruwanta da kowa. Ɗayan nazarin bayanai ne, ta bi rugage daga Kurgu har iyakar Benin tana tattara adadin shanu da cutukansu, don a gane inda annoba za ta ɓullo tun kafin ta ci garke. Na biyun take so, don a kan idonta ciwon huhu ya kashe shanun noman babanta a Lafagu.

To, ita ma da rawar kai! Ran da ta je gaida Goggo, ƙanwar mahaifin Yero da ta raine shi, sai ta tambaye ta shanu nawa ne a garkensu. Ina aka taɓa yi! Bafillace ba ya faɗin adadin shanunsa, baki yake tsoro. Ba a rufa mako ba wata karsana ta mutu. Hussaina 'yar Goggo, da ta daɗe da ɗora ido kan Yero, ta bi ruga-ruga tana cewa bakin Bahaushiya ne.

“Goggo ta ce ki ɗauki na ɗaki,” in ji Yero a sanyaye. “In ba haka ba, babu aure.”

“Kai mi ka ce?”

Yero ya kau da kai.

“Masoyina, ba bakina ba ne, cuta ce! Na yi ta gwada son wancan aikin saboda kai. Na zauna gaban allon kwamfuta har idona ya yi ja, zuciyata na can ruga...”

“Hamsatuna...”

“In na bari don in aure ka, wata rana zan tsane ka. Ba ni son ganin wannan rana.”

Ta juya za ta tafi, sai ga Goggo ɗauke da ƙwarya, Hussaina na bin ta tana murmushi.

“Ta zaɓa?” Goggo ta tambaya, ko kallonta ba ta yi ba.

Yero ya sunkuyar da kai, kunyar Fulani ta danne shi. Can ya ɗago.

“Hamsatu, tsaya! Kin tambaya ba a ba ki amsa ba. Arba'in da bakwai ne.”

Hussaina ta dafe ƙirji tana salati.

“Yero! A tsakiyar kasuwa?” Goggo ta ce.

“Ki gafarce ni, Goggo. In baki ne, yanzu bakina ne. Ni za ki tsana.”

Goggo ta gyara ƙwaryarta ta wuce, ba ta waiwaya ba.

Bayan Sallah aka ɗaura auren. Mutanen ruga sun zo, Goggo ba ta zo ba. Hamsatu na ƙarƙashin mayafi ta ji ango yana tambayar abokinsa a hankali ko an duba hanya, ko Goggo tana tafe.