Saura Kashi Ɗaya

Ranar da Auta ta fara shiga shagon wani saurayi mai tura fina-finai a waya, ba ta tambayi sunan fim ba. Cewa ta yi a ba ta wanda ya fi kowanne tsawo.

Ya ɗago kai daga kwamfuta ya dube ta, ya ɗan daɗe yana kallonta. Ta ce mahaifinta ne ake wa wankin ƙoda, sau uku a mako, awa huɗu kowane zama, kuma ya gaji da kallon silin asibiti.

Ya jawo bayan ambulan da biro. Fim mai dogon zango, kashi casa'in da shida, kowanne minti arba'in da biyar. Ya cire minti biyar na waƙar farko, ya tambaya ko tsohon yana gyangyaɗi. Ta ce sosai ma. Ya ware masa awa ɗaya da 'yan mintuna na barci.

"Kashi huɗu a zama, goma sha biyu a mako. Nan da mako takwas za ki dawo."

Ranar da mako takwas ya cika cif sai ga ta, tana dariya tun daga bakin ƙofa. Daga nan ta raɗa masa Malam Lissafi, shi kuma ya tura mata wani mai kashi ɗari da tamanin, ya haɗa da lambar wayarsa, wai ko fim ɗin zai ƙi buɗewa. Fim dai bai taɓa ƙin buɗewa ba, amma kullum sai sun yi waya.

"Autata," ya rubuta mata wata rana, "na iya lissafin komai, ban da sau nawa nake tuna ki a yini."

"Ka cire na barci, Malam Lissafi," ta amsa, "sai ka gaya mini saura."

Suna kashi na sittin ya turo kawunsa neman aurenta. Baba, tsohon direban babbar mota ne da ba ya son a ja shi da magana, ya ce shi yanzu hankalinsa yana kan fim, in ya gama a dawo. Kawu ya koma rai a ɓace, ya ce kora ce da hali. Malam Lissafi kuwa murna ya yi. Saura kashi ɗari da ashirin, wato mako goma. Ya zagaye ranar a kalandar shago da jan biro.

Mako goma ya wuce, wasu uku suka bi shi. In ya tambaya, sai ta ce ba su gama ba. Ana cikin haka ya ji cewa wani ɗan gwaggonta mai kantin magani ya fara yawan kai su asibiti a mota. Kishi ya rufe masa ido.

"Lissafina bai taɓa kuskure da mako uku ba," ya rubuta. "In kin canza ra'ayi, gara ki faɗa mini."

Sai da ta yini ba ta kula shi ba, don maganar ta yi mata zafi. Daga baya ta turo: "Gobe ƙarfe tara a asibiti, ɗaki na biyu hannun dama. Ka zo ka gani da idonka."

Ya same su a can. Baba na kishingiɗe, robobi biyu sun fita daga hannunsa zuwa injin da ke ƙara a hankali. Auta na riƙe masa wayar, ita ke gyara masa matashi, ita ke duba agogo. Kashi na ɗari da saba'in da tara suke kallo. Da ya ƙare, Baba ya ce a mayar baya, bai gane wani wuri ba.

"Karo na nawa ke nan?" ya tambaye ta ƙasa-ƙasa.

"Na daina ƙirgawa."

Nan ya gane abin da bai sa a lissafinsa ba: tsohon tsoro yake fim ya ƙare a ɗauke masa 'yarsa. Kunya ta kama shi, tausayin tsohon kuma ya cika masa zuciya. Ya durƙusa ya gaishe shi, sannan ya ce ya kawo masa wani sabo, kashi ɗari uku da sittin.

Baba ya dube shi a kaikaice. "Wa zai riƙe mini wayar?"

"Litinin da Juma'a ita, Baba. Laraba ni, zan rufe shago. In ya ƙare akwai wani."

Tsohon ya dubi injin. Can ya ce hannun 'yarsa ya gaji, ya karɓe ta. Malam Lissafi ya matso da kujera ya karɓi wayar.

"Sa na ƙarshen," in ji Baba.

Minti arba'in suka yi suna kallo. Auta na share hawaye da gefen mayafi, ko da yake kashin na ban dariya ne. Da rubutun ƙarshen fim ya fara hawa, Baba ya ce a gaya wa kawun ya dawo.

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Baba ya dafa kansu ya ce Allah ya yi musu albarka, ya ba su zaman lafiya da zuri'a ta gari. Sannan ya ja angon gefe ya tuna masa cewa gobe Laraba ce.